Yadda muka kai ɗalibai fadar Manhyia da tafkin Bosomtwe

A jami'ar KNUST da ke nan Kumasi muna da wata 'yar ƙungiya ta ɗalibai masu jin Hausa. Ba ta da ofis, ba ta da hatimi. Rukunin WhatsApp ne kawai da zama sau ɗaya a wata bayan an sauko daga Juma'a. A cikinmu akwai 'yan Zangon Kumasi irina, akwai 'yan Nima da Madina da suka taho daga Ankara, akwai 'yan Tamale da Bawku, ga kuma baƙinmu da karatu ya kawo daga Kano da Sakkwato da Maraɗi. Da aka ɗora mini nauyin shirya fitar bana, wurare biyu aka tsayar: bikin Akwasidae a Manhyia, fadar sarkin Asante, da shan iska a tafkin Bosomtwe.

Ni na fi kowa dagewa kan Manhyia, kuma ina da dalili. A wurin zaman, wani ɗan'uwa Bakano ya tambaya me ake yi a fadar ranar bikin, sai mu da aka haifa a garin muka shiga kallon juna. A Aboabo aka yanke mini cibiya. Daga gidanmu zuwa ƙofar fadar tafiyar ƙafa ce, mutanen Alabar kuwa maƙwabtanta ne na kusa. Mun san ƙarar tambura ranar Lahadi, mun san yadda hanya ke cushewa, amma a cikinmu da ƙyar aka sami wanda ya taɓa shiga ya zauna ya gani da idonsa. Bature yana biyan kuɗin jirgi daga Jamus don ya kalli abin da muke wucewa ta gefensa a trotro, motar haya ta cikin gari, kullum. Wannan ya tsaya mini a rai.

Aikin farko shi ne gano ranar. Tonawa, wato mutanen Asante, suna da lissafinsu na kwana 42, kuma a kowane zagaye akwai ranakun Adae guda biyu: Awukudae da ke faɗowa Laraba, da Akwasidae da ke faɗowa Lahadi. Saboda haka in ka san Lahadin da aka yi na baya, mako shida za ka ƙirga gaba. Na ƙirga, na ɗora a kan jadawalin makaranta, na ga ɗaya ya faɗa tsakiyar gwaje-gwaje, na gaba da shi kuma ya zo daidai lokacin da kowa ke da sarari. Duk da haka ban tsaya ga lissafina ba, sai da na je fadar na tambaya, domin Otumfuo, wato sarkin Asante, yakan yi tafiya, kuma ba na son in ɗebo mutane mu tarar ba ya gari.

Ban gama sanar da ranar ba sai ga maganar da na san za ta zo. Wata 'yar'uwa ta rubuta a rukunin cewa ita ba za ta je inda ake zuba wa kujeru giya ba. Wasu suka mara mata baya, wasu suka fara yi mata dariya, abin da ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, don tambayarta tana kan hanya. Gaskiya ne Akwasidae ranar tunawa da kakannin sarakuna ce. Da safe sarki da muƙarrabansa suna shiga ɗakin da ake ajiye baƙaƙen kujerun sarakunan da suka shuɗe, a miƙa musu abinci da abin sha, a yi roƙo bisa al'adarsu. Duk wanda ya ce babu wannan a ciki bai faɗi gaskiya ba. Na ce a dakata da musu, zan je in tambayi wanda ya fi mu sani.

Malamin da ya koya mini Iziyya da Risala yana nan da ransa a unguwarmu. Na same shi bayan La'asar a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai ban rage ba. Ya ce, "Abin da suke yi a ɗakin kujeru ba naku ba ne, kuma ko kun so ba za a bar ku ku shiga ba. Zaman da sarki ke yi a fili daga baya kuwa, zaman karɓar gaisuwa ne. Muna zaune a ƙasarsa, iyayenmu sun gaishe da iyayensa. In kun ga ana zuba wani abu a ƙasa, kada ku amsa musu, kada kuma ku yi musu izgili. Lokacin salla ya yi, ku tashi." Na ce, "Allah gafarta Malam, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba fa?" Ya ce a ƙyale shi ya zauna a gida, kada wanda ya goranta masa. Haka na kai saƙon, kalma da kalma. Wasu suka sa suna, wasu suka ce su sai ranar tafki. Har yau ina ganin girman waɗanda suka ƙi zuwa, domin sun tsaya kan abin da suka fahimta ba tare da sun zagi kowa ba.

Da ɗan gari akan ci gari. Ina da wani kawu, yayan Mma, wanda ya daɗe yana bin tawagar Sarkin Zango duk lokacin da za a je fada. Na saya masa goro fari na je don in tambayi ƙa'idojin wurin, sai zaman ya zarce har Isha. Ya fara da tufafi. Kada wanda ya sa baƙi wuluk ko ja, domin a wurin Tonawa kayan makoki ne. Fari ko mai launi ya fi. Samari su bar hular hana-salla a ɗaki, su sa kaftani ko fugu, rigar saƙi ta arewacin Gana, da hula ta mutunci. Ba a harɗe ƙafa a gaban sarki, ba a nuna mutum da hannun hagu, ba a ratsa tsakanin sarki da masu riƙe da takubba da ke zaune gabansa. In gaisuwa ta kama a jere, daga dama ake farawa a bi har ƙarshe, ba a tsallake kowa. Ba a kuma yi wa sarki magana kai tsaye, sai ta bakin okyeame, mai magana da yawunsa. Ya ce mu da za mu je kallo ba sai mun riƙe wata gaisuwa ba, amma mu nemi wanda ke tsara wurin zama mu gaya masa ko mu su wane ne.

Daga nan ya gangara tarihi, ni kuwa na ajiye biro na saurara. Ya ce, "Ɗana, kada ka shiga gidan nan kamar baƙo. Goro ne ya kawo kakanninmu." Ayarin fatake sukan taso daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya zuwa Gwanja, su saye goron da ake fitowa da shi daga dazukan Tonawa a kasuwar Salaga. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake da malamai suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Ankara, wasu nan Kumasi. Ya ce tun kafin haka ma akwai malamai Musulmi a gefen sarakunan Asante, suna rubuta musu wasiƙu da Larabci, kuma babbar rigar yaƙin sarki, wadda suke kira batakari kese, lulluɓe take da layu irin na malamanmu. Daga baya na duba a laburaren makaranta, na ga jakadun Ingila da suka zo Kumasi a 1817 sun tarar da Musulmi zaune a garin suna da faɗa-a-ji a fada. A makarantar boko an koya mini sunan Okomfo Anokye da kujerar zinariya da yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, kuma sun cancanci a koya. Amma ba wanda ya taɓa ce mini mu ma muna cikin labarin. A zauren kawu na fara jin haka.

Gidan tarihi na fadar mun ware masa wata rana daban a tsakiyar mako, don ranar biki ba za a sami natsuwa ba. Ginin kansa abin kallo ne. Turawan Ingila suka gina shi a 1925 domin sarki Prempeh na ɗaya, wanda suka kama a 1896 suka kai shi har tsibirin Seychelles, bai dawo ba sai 1924. Tsohuwar fadar da ke Adum kuwa sojojinsu sun rushe ta tun 1874. Mai yi mana bayani ya ce sarkin bai yarda ya tare a sabon gidan ba sai da Tonawa suka biya kuɗin ginin, don kada a ce kyautar Bature yake zaune ciki. An mayar da gidan wurin adana tarihi a 1995. A ciki akwai mutum-mutumin sarakuna a zaune kamar za su yi magana, da kujerunsu da kayan amfaninsu na yau da kullum. Inda muka fi daɗewa shi ne gaban kayan zinariyar da aka dawo da su a 2024, shekara 150 bayan an kwashe wasunsu. Guda 7 sun zo daga wani gidan tarihi na Amurka, an mayar da su ɗungurungum. Guda 32 kuma daga gidajen tarihi biyu na Landan, amma su a matsayin aro aka kawo su. Wani ɗan Maraɗi da ke tare da mu ya sa aka maimaita masa wannan magana, don bai yarda ya ji daidai ba: a kwashe maka kaya da bakin bindiga, sannan a ara maka su. Ni ma abin ya ci mini rai, har yanzu kuma yana ci.

Maganar kuɗi na raba ta biyu, tunda ba kowa zai je duka wuraren ba. Manhyia ba ta buƙatar komai sai kuɗin trotro daga Tech Junction, kowa ya biya wa kansa. Tafki ne mai cin kuɗi: hayar mota, abinci, ruwan sha, kuɗin shiga, da ɗan abin da za a riƙe saboda tsaro. Na raba jimillar a kan kawuna, na ba da lambar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ta ma'ajinmu, na ce wanda bai biya ba kafin Laraba ba shi da kujera. Wannan doka ta jawo mini ƙorafi, amma ita ta sa na san yawan mutanen da zan yi ciniki a kansu. Mun rubuta wasiƙa zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai muka sanar da tafiyar, muka haɗa da sunayen masu zuwa da lambar wani nasu na gida. 'Yan'uwa mata da iyayensu ke cikin gari kuwa sai da aka bi gida-gida. Wata Hajiya a Sawaba ta ce mini, "Ɗan nan, ruwa za ka kai mini 'ya?" Ban sami amincewarta ba sai da wata yayarmu mai karatun digiri na biyu, matar aure, ta je da kanta ta ce 'yan matan suna hannunta, kuma za a dawo kafin Isha.

Ranar Lahadin muka isa fadar da hantsi. Tun daga bakin titi ake jin fontomfrom, manyan tamburan da ƙararsu ke dukan ƙirji kafin ta kai kunne. Na sami wani dattijo mai tsara wurin zama, na gaishe shi da Tonanci, na ce ɗalibai ne daga Tech, wato KNUST, 'yan Zango da baƙinsu. Ya yi murmushi ya ce akwaaba, wato barka da zuwa, ya nuna mana kujeru ƙarƙashin wata rumfa a gefe inda ake hango komai. Ɗawisu suna yawo a harabar ba ruwansu da kowa.

Sai jira. Wanda zai je ya shirya wa wannan, domin ba da agogo ake zaman ba. Amma jiran ba na banza ba ne. Sarakunan garuruwa suna ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da laimarsa da makaɗansa da mai ɗauke masa kujera, ana juya laimar sama da ƙasa daidai da kiɗa. Maza sun yafa zane sun bar kafaɗar dama a buɗe, wasu kente mai ɗaukar ido, wasu fari mai zanen adinkra. Kusa da mu wani okyeame ya zauna ya jingina sandarsa, na samu na ƙare mata kallo. An lulluɓe kanta da zinariya, an sassaƙa hannu riƙe da ƙwai. Wani ɗalibi Batone da ya zo tare da mu ya raɗa mini ma'anar: mulki ƙwai ne, in ka matse ya fashe, in ka yi sakaci ya suɓuce. Kowace sanda da maganar da take ɗauke da ita, mai hankali yana karanta su kamar allo.

Can wata tsohuwa ta miƙe ta shiga fili tana rawar adowa. Ba ta tsalle, ba ta gaggawa. Ƙafafunta suna jan ƙasa a hankali, hannuwanta kuwa ba su huta ba: ta haɗa su, ta raba, ta nuna sama, ta dafa ƙirji, farin hankici na rawa tsakanin yatsunta. Masu kallo suna ɗaga mata yatsu biyu alamar yabo. Abokin namu ya ce kowane motsin hannu magana ce, mai kiɗa yana faɗa da ganga, ita tana amsawa. A cikin makaɗan na hangi masu rataye da ganga mai tsarkiya a hammata, suna matsa ta tana canza murya. Bakanon nan ya dafa ni ya ce, "Wannan ai kalangu ne!" Su donno suke ce mata, kuma daga arewa ta shigo musu.

Da rana ta take, kiɗan ya canza, aka busa ƙahonin hauren giwa, kowa ya miƙe. Masu takubba suka fara fitowa, sai masu bindigogi, sai manyan laimomi, a ƙarƙashinsu Otumfuo Osei Tutu na biyu, sarki na 16 a jerin sarakunan Asante, wanda ke kan kujera tun 1999. Tafiya yake a hankali, zinariya a wuya da damtse da yatsu, yana ɗaga hannu kaɗan. Da ya zauna aka fara gaisuwa. A nan na ga abin da kawu ya faɗa. Babban sarki mai laima da jama'a, in ya iso gaban Otumfuo, sai ya zame takalminsa, ya sauke zanen daga kafaɗa, ya rusuna. Baƙi kuma okyeame ne ke faɗin sunansu da abin da suka kawo.

Cikin masu gaisuwar sai ga wasu dattawa da manyan riguna da rawuna. Mutanenmu ne na Zango. Ba su canza shigarsu ba, ba su yafa zane ba, kuma aka karɓe su da girmamawa kamar kowa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. 'Yar Nima da ke bayana ta ce, "Yaya, ashe muna da wuri a nan." Da a ce wannan kaɗai muka gani, da wahalar shirin ta biya. Na daɗe ina jin ana ce wa ɗan Zango baƙo a garin da aka binne kakan kakansa, har wasunmu sun karɓi maganar sun zauna a kanta. Wanda ya ga rawani a tsakar Manhyia ba zai ƙara karɓarta da sauƙi ba.

Lokacin Azahar ya yi ana tsakiyar gaisuwa. Muka zame ta baya a hankali, muka gangara wani masallaci a Alabar, muka yi salla, wasu suka koma, wasu suka wuce neman tuwon zafi.

Tafkin kuwa Asabar ɗin da ta biyo baya muka sa. Motar na yi cinikinta a tashar Asafo, inda motocin Kuntanase ke lodi. Na ba da rabin kuɗin kafin alƙalami a gaban wani babba na tashar, na karɓi lambarsa da ta direban. Wani ɗalibin injiniyan motoci ya raka ni ya duba tayoyi, ya sa direban ya taka birki a gabanmu. Direban ya ɗan ɓata rai, amma duk wanda ya san gangaren da ke shiga Abono, ƙauyen da ke bakin tafkin, ba zai ga laifinmu ba. Abinci wata Hajiya a unguwarmu ta dafa mana: wake da shinkafa da ya sha karan dafi ya yi ja, da soyayyen yajin shito, da taliya, da gari, da dafaffen ƙwai, da ganda, kowa da ƙunshinsa. Muka haɗa da sobolo, wato zoɓo, da lamurji a jarka, da jakunkunan piya wata, da butoci da tabarmi, da manyan ledoji na zuba shara.

Mun ce bayan Asuba za a tashi, amma direban sai da ya yi lodi ɗaya na safe kafin ya zo, muna tsaye a Ayeduase, unguwar da ke gefen makaranta, har rana ta fito. Muka bi ta Atonsu, muka wuce Aputuogya da Kuntanase. Tafiyar ba ta da nisa, kimanin kilomita 30 ce kudu maso gabas da Kumasi, cunkoson Atonsu ne ke tsawaita ta. Bayan Kuntanase hanya ta fara hawa tsakanin gonakin koko da ayaba da rogo, sai kwatsam a wata kwana ruwan ya bayyana can ƙasa, zagayayye, duwatsu masu kore sun kewaye shi ta ko'ina. Motar ta ɗauki salati.

A nan na roƙi direban ya tsaya. Masu ƙarfin ƙafa muka sauka don mu ƙarasa gangaren a ƙasa, sauran suka wuce da kaya. Kafin mu fara tafiya, wata 'yar'uwa mai karatun ilimin duwatsu ta tsayar da mu ta ce mu dubi siffar wurin da kyau. Inda muke tsaye bakin rami ne. Wani dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya fiye da shekara miliyan ɗaya da suka wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10 da rabi, ruwan sama da ƙananan rafuka suka cika tsakiyarsa. Faɗin ruwan ya kai kilomita 8, zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Shi kaɗai ne tafkin da ba ɗan Adam ya tare ba a duk Gana, domin na Volta madatsar Akosombo ce ta haife shi. Ta ce a 2004 masana daga ƙasashe da dama sun zo sun haƙa ƙasan tafkin don karanta tarihin yanayi a cikin lakarsa, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Wani ɗan Sakkwato ya ce Allah mai iko, muka fara gangarawa. Saukar ta fi yadda ake zato cin gwiwa, kuma masu silifas sun gane kurensu. Wanda zai bi sawunmu ya sa kambas, ya riƙe ruwa.

A Abono muka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyoyi nesa kaɗan da masu kiɗa. Kafin kowa ya taɓa ruwa na maimaita dokar da muka yi tun a makaranta: ba mai wuce ƙugu, ba mai shiga shi kaɗai, wanda zai hau jirgin yawo sai da rigar ruwa. Wani mutumin garin ya ƙarfafa mini gwiwa, ya ce ranakun hutu da matasa ke cika wurin ne aka fi samun tsautsayi, yawanci kuma waɗanda suka ce sun iya ne. Wasu samari sun ga na takura musu. Na gwammace su yi fushi da ni a mota da in tsaya gaban wata uwa ina neman abin faɗa.

Abin da na fi zama na kalla shi ne masunta. Ba kwalekwale suke hawa ba. Wani falankin katako ne mai kauri da suke kira padua, mutum ya zauna a kansa ya saki ƙafafu cikin ruwa, ya riƙa tuƙi da 'yan faranti a tafin hannu biyu. Wani ya iso gaɓa kusa da mu, kwando a gabansa, raga a naɗe a bayansa, ya sauko ya jawo katakon da hannu ɗaya. Na leƙa kwandon: ƙananan karfasa ne, ba su rufe gindinsa ba. Na gaishe shi na tambayi dalilin katakon. Ya ce tafkin wuri ne mai tsarki a wurinsu, sun gāji cewa rayukan matattu suna biyowa ta nan su yi bankwana, kuma tun kakanni an hana kamun kifi da jirgin ƙarfe. Ban yi imani da abin da ya yi imani da shi ba, amma na ga hanin ya daɗe yana kare ruwan daga kwasar ganima. Ya ce duk da haka kifi ya ragu ƙwarai a kan lokacin ƙuruciyarsa: masunta sun yi yawa, an sare itatuwan gangaren an yi gonaki, ƙasa da maganin feshi suna gangarowa cikin ruwa in an yi sama. Muka sayi soyayyen kifin a wurin matan garin, muka haɗa da waken Hajiya.

Muka yi Azahar a jam'i a kan tabarmi, ɗan Bawku ya ja mu. Bayan an ci abinci aka buga ƙwallo, 'yan mata suka hau jirgi tare da yayarmu, wasu suka bi hanyar ƙafa da ke zagaya gaɓa zuwa ƙauyen gaba. Waɗanda suka ƙi zuwa Manhyia duk sun zo, 'yar'uwar da ta fara tayar da maganar ma ita ta raba abinci, tana ta tambayar abin da muka gani a fadar. Da La'asar hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsun. Muka tsince ledojin piya wata, namu da waɗanda muka tarar, muka cika jakunkunan shara muka sa a but, muka kama hanya kafin ruwa ya sauko. An kira Magariba muna Atonsu. Na raka 'yar Hajiyar Sawaba har ƙofar gida.

Washegari ni da ma'aji muka zauna muka yi lissafi, muka sa hoton kowane rasit a rukunin, har kuɗin goron kawu. An sami ɗan ragowa. Wasu suka ce a ajiye don zuwa dajin Bobiri kallon malam-buɗe-littafi, wasu suka ce Bonwire wurin masaƙan kente. Bakanon nan ne ya kawo shawarar da ta yi rinjaye: a sayi goro da turare a koma wurin kawu, a zauna da shi da sauran dattawan tawagar, a naɗi maganarsu a waya tun suna da ƙarfin yin ta. Na je na gaya masa. Ya ce mu zo ranar Alhamis bayan La'asar, kuma zai aika a kira wani abokinsa a Yalwa wanda kakansa ya taso daga Salaga da ƙafa.